Ku daina ɗora wa mutane Linux kuna guduwa

Kwanan nan na kai cajar laftop ɗina wani shagon gyara, ina zaune a benci ina jira sai ga wata yarinya ta shigo, 'yar ajin ƙarshe a jami'a, idonta ya yi ja. Wai ɗan baffanta ne ya ce Windows ɗinta ya tsufa, ya zo da filashi ya goge komai ya sa mata Linux, ya ce daga yau ta huta da bairos. Ya kama gabansa. Da dare ta kunna, waifai ko alamarsa babu. Ta buɗe furojet ɗinta, teburan babi na huɗu duk sun watse, wani rabinsa a wannan shafin rabi a wancan. A gabanmu ta kira shi ta sa a sifika: "Yaya don Allah abin nan fa ya ƙi, kuma jibi zan kai wa malamina." Sai ya ce, "Ke ma dai, ki yi sachin mana, komai yana intanet. Matsalarku ba kwa son koyo." Mai shagon ya jujjuya laftop ɗin ya ce, "Hajiya mu gaskiya ba ma taɓa irin wannan, sai dai a yi fomatin a mayar miki da Windows."

Wannan "ba kwa son koyo" ɗin ita ta tsaya min a rai.

Ni mai amfani da Linux ne kuma ina son shi, kar wani ya ɗauka ɗan adawa ne ya zo. Amma ra'ayina shi ne: sabon shiga da ya zo yana ƙorafi, mafi yawan lokuta shi ke da gaskiya. Laifin yana wuyanmu mu masu wa'azin Linux, da muke faɗa wa mutane rabin magana, mu goge musu kwamfuta, in abu ya kwaɓe kuma mu ce su ne malalata. Duk wanda ya ɗora wa wani Linux ya ɗauki nauyinsa, in ba zai iya ɗaga waya ba bayan nan to ya bar wa mutum abinsa yadda ya same shi.

Ga wanda bai sani ba, Linux babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, aikin da Windows ke yi. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta ƙashin bayanta a 1991, aka haɗa da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya faro tun 1983, kowa yana da damar ya ɗauka, ya duba cikinta, ya gyara, ya raba. Yau ita ce a ƙarƙashin duk wayar Android da ke aljihunmu, kuma tun 2017 manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk ita suke amfani da ita. Amma a kan tebur da laftop, sai a 2024 ƙididdigar StatCounter ta nuna ta kai kashi 4 cikin ɗari.

Dalilin da ya sa wa'azin ya ƙaru yanzu kuwa a fili yake. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, sai dai ƙarin wa'adin shekara guda ga wanda ya yi rajista. Shi kuma Windows 11 yana neman wata 'yar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesa daga zubi na 8 na Intel zuwa sama. To mu kuma laftop ɗinmu yawanci na hannu ne, Landan yus, irin su EliteBook da Latitude da ThinkPad 'yan zubi na 4 zuwa na 6, lafiyarsu ƙalau amma a hukumance an ce sun tsufa. Linux zai iya raya su, wannan gaskiya ne. Shi ya sa ma nake jin haushin yadda ake ɓata abin tun daga ƙofa.

"Ai kyauta ne, me kuma yake so?"

Wannan hujjar a Turai ko Amurka take da nauyi. A nan wa ya taɓa biyan kuɗin Windows? Ka sayi laftop a Beirut Road ko Banex ko Computer Village, da Windows ɗinsa yake zuwa, da Office, har da VLC da 'yan waƙoƙi. In ya lalace ka ba yaron shago ɗan abin da ya samu ya sa maka wani. Kirak ne, ba daidai ba ne, kuma ta nan bairos da yawa ke shigowa, ban musa ba. Amma a idon mai laftop, Windows ma kusan kyauta ne. Saboda haka in ka ce masa "kyauta" ba ka ba shi wani dalili ba.

Kuma kyautar nan tana cin data. Fayil ɗin Ubuntu 24.04, ɗaya daga cikin ire-iren Linux, shi kaɗai ya kusa giga 6. Ka gama sawa ya ce akwai afdet, ka nemi wata 'yar manhaja ta jawo wasu kaya masu nauyi a bayanta. Mutumin da ke lissafin data ɗinsa da mega, yana kashe bidiyo a Facebook don kar ta ƙare, shi za ka ce wa kyauta ne?

Mafi ban haushi shi ne na waifai. Wasu katunan waifai, musamman na Broadcom da wasu na Realtek, ba sa tashi sai an sauko da direbansu daga intanet. Intanet ɗin kuma ba ka da shi saboda waifai bai tashi ba. Maganin mai sauƙi ne wallahi, ka jona wayarka da kebul ɗin caji ka kunna raba intanet ta USB, nan take kwamfutar za ta gani. Amma ta ina sabon shiga zai san haka? Jimla ɗaya ce da ya kamata wanda ya sa masa ya faɗa kafin ya tafi. Su kansu mutanen Debian, wani irin Linux, da suka fi kowa tsauri a kan kar a saka komai da ba buɗaɗɗe ba, sai da suka yi ƙuri'a a 2022 suka yarda, Debian 12 ya fito a 2023 da irin waɗannan fayilolin a ciki. Sun gane cewa aƙida ba ta kunna waifai.

"Windows ma ai da wahala, sabo ne kawai"

Nan akwai gaskiya, kuma ita ce hujjar da na fi girmamawa. Ka ba mutumin da bai taɓa sa Windows ba filashi ka ce ya sa da kansa, ya nemo direban sauti da na sikirin, shi ma zai yi gumi. Abubuwa da yawa da sabbin shiga ke kira matsala, bambanci ne kawai. Babu C: babu D:, ba a danna fayil ɗin exe, ana shiga wani shagon manhajoji ne a ɗauko.

Sai dai masu wannan hujjar suna tsallake abu biyu. Na farko, kusan babu wanda ke sa Windows da kansa, a kai yake samunsa, kamfanin da ya ƙera laftop ɗin ya riga ya gwada komai. Na biyu, kuma shi ne babba a wajena, Windows yana da maƙwabta. In ya ƙi, ɗan ɗakinku a hostel ya sani, yaron kafe ya sani, mai shagon bakin titi ya sani, ko ƙaninka na sakandare zai iya cewa kawo in gani. In Linux ya ƙi fa? Kamar ka ba mutum kyautar mota ce mai lafiya, ba ta shan mai, amma duk garin babu bakaniken da ya taɓa buɗe bonet ɗin irinta. Ranar da ta tsaya a hanya ba zai tuna ba ta shan mai ba.

Kuma ƙananan abubuwa ne fa ke karya wa mutum gwiwa, ba manya ba. Ka buɗe taminal, wannan baƙin allon da ake rubuta umarni, ka rubuta sudo da wani abu, ya ce ka sa fasuwod. Kana dannawa babu abin da ke fitowa, ko tauraro ko ɗigo, shiru. A yawancin ire-iren Linux da gangan aka yi haka don kar na kusa da kai ya ƙirga haruffan. Amma wanda bai sani ba zai ɗauka kibod ɗinsa ne ya mutu, ya danna ya sake dannawa, ya rufe, ya buɗe, a ƙarshe ya kashe kwamfutar gaba ɗaya.

Ga wani kuma: wanda ya bar Windows da Linux tare a kwamfuta ɗaya, in ya fito daga Linux ya koma Windows sai ya tarar agogo ya koma baya da awa ɗaya cif. Dalili, Linux yana ajiye agogon cikin na'ura a kan lokacin duniya na UTC, Windows kuma yana ɗauka lokacin garinku ne, mu kuma a Najeriya da Nijar muna gaba da awa guda. 'Yan uwanmu na Kumasi da Accra ba su ma san da wannan ba tunda agogonsu daidai yake da UTC, sun huta. Umarni ɗaya ke gyara shi. Amma mutumin da ya duba kwamfuta ya ga ƙarfe ɗaya alhali biyu ta yi, abin da zai ce kawai shi ne abin nan ya lalata min laftop.

"Laifin kamfanoni ne"

Eh, da yawa laifinsu ne. Shi kansa Torvalds a 2012, a wani taro a jami'ar Aalto, ya fusata har ya ɗaga wa Nvidia, kamfanin da ke ƙera katin hoto na kwamfuta, yatsa a gaban kyamara saboda yadda suke wahalar da masu Linux. Adobe ba su yi Photoshop na Linux ba, babu AutoCAD, babu Microsoft Office irin wanda ake sawa a kwamfuta, babu CorelDraw na zamani. Ba masu Linux ne suka hana ba.

To amma sai me? Mai buga katin biki da fosta da kalandar 'yan siyasa, duk rayuwarsa a CorelDraw take, wanda zai kai wa aikin a buga shi ma fayil ɗin Corel yake jira. Ka je ka ce masa akwai Inkscape. Inkscape manhaja ce mai kyau, ina amfani da ita, amma kwastoma na tsaye a kansa ana ɗaurin aure ranar Juma'a, ba lokacin koyon sabon abu ba ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin zanen gine-gine da malaminsa ke koyarwa da AutoCAD haka. Mai buga gem ma, duk da Proton na kamfanin Valve ya sa dubban gem na Windows suna tafiya a Linux tun 2018, irin su Valorant da Fortnite har yanzu ba sa yi saboda manhajar hana maguɗi da ke cikinsu. Sanin waye mai laifi ba ya buɗe wa mutum fayil ɗinsa.

Maganar LibreOffice kuma a daina cewa "daidai yake da Word". Yana buɗe fayil ɗin Word, yana ajiyewa, wasiƙa da takardar neman aiki duk lafiya. Amma doguwar takarda mai tebura da zane da lambobin shafi iri biyu, wadda aka rubuta a Word, tana iya motsawa, musamman in salon rubutun da aka yi amfani da shi babu shi a kwamfutar. Times New Roman da Calibri tare da manhajojin Microsoft suke zuwa, ba sa zuwa da Linux, sai dai a maye su da 'yan uwansu masu faɗi ɗaya, Liberation Serif da Carlito, ko a sauko da na Microsoft ɗin daban. Malamin jami'a da ya ce Times New Roman 12 ba ruwansa da wannan tarihin. Da an gaya wa ɗalibi tun farko ya riƙa fitar da PDF kafin ya kai bugu, ko ya bari sai ya gama difens kafin ya canja, da ba a kai ga kuka ba.

Kar a ce rashin wayewarmu ne. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya ɗauki kusan shekara 10 kafin ya mayar da kwamfutoci wajen 15,000, da ma'aikatan fasaha da kasafin kuɗi da komai, amma a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Wasu sun ce siyasa ce ta fi yawa a ciki, wasu sun ce ƙorafin ma'aikata ne kan musayar takardu da sauran hukumomi. Jihar Schleswig-Holstein da ta sanar a 2024 za ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000, ba da Linux ta fara ba, da LibreOffice ta fara a kan Windows ɗin da mutane suka saba, sai daga baya babbar manhajar. Gwamnati guda tana bi a hankali, kai kuma kana so ƙanwarka ta yi hijirar a dare ɗaya.

"Ai bai karanta abin da aka rubuta ba"

A ƙarshen 2021 wani shahararren mai bidiyon fasaha a YouTube ɗan Kanada, Linus Sebastian, ya ce zai gwada zama a Linux. Ya sa wani irin Linux mai suna Pop!_OS, ya je sa Steam, manhajar buga gem, shagon manhajoji ya ƙi, ya koma taminal. Sai rubutu ya zubo, a ciki akwai gargaɗin cewa za a cire wasu muhimman abubuwa, aka ce in ya yarda ya rubuta wata jimla mai ma'anar eh, yi yadda na ce. Ya rubuta. Gaba ɗaya fuskar kwamfutar ta tafi, ya rage baƙin allo. Aka yi ta masa dariya wai bai karanta ba. Gaskiya bai karanta da kyau ba. Amma matsalar daga kunshin manhajar take, kuma mutumin da ya ce a sa masa abin buga gem bai kamata a kawo masa zaɓin rushe kwamfutarsa a tsakiyar layuka masu kama da juna ba. Masu kula da manhajar sun fi masu dariyar hankali, don bayan abin sai suka gyara yadda ba za a iya yin hakan cikin sauƙi ba. Wannan mutum ne da kwamfuta ce sana'arsa, Turanci kuma harshen uwarsa. Ka auna wanda Turancin ma sai ya yi da gaske.

Sannan wa ya ce kowa sai ya so koyo? Malamar firamare da ke son ta buga jarrabawa, ɗan kasuwa mai lissafin kaya, ba su zo duniya don su san menene GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, ba. Mu da muke jin daɗin kwana muna gyaran abu, sha'awa ce, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru... a'a bari in bar misali, sha'awa ce kawai, kuma ba ta sa mun fi kowa.

Ɓangare ɗaya da zan ɗora wa sabbin shiga nasu kason shi ne 'yan Kali. Yaro ya kalli bidiyo biyu, ya ga hoton dodon nan a baƙin sikirin, ya ce shi ɗan kutsen kwamfuta zai zama, ya goge Windows ya sa Kali Linux a matsayin kwamfutarsa ta kullum, gobe ya zo yana cewa firinta ta ƙi. Su kansu masu Kali sun rubuta ƙarara cewa ba don wanda bai san Linux ba aka yi shi, kayan aikin masu gwajin tsaro ne. Amma ko a nan, in ka bincika za ka tarar wani babba ne ya tura masa fayil ɗin yana cewa "wannan shi ne na manya."

Yawan iri ma wani ciwon kai ne. Mutum ya tambayi wanne zai sa, mutum biyar amsa bakwai: Ubuntu, a'a Mint, a'a Fedora, wani ya ce Arch in kai namiji ne. Ya samu ya zaɓa, ya zo sa manhaja, ga deb ga Snap ga Flatpak ga AppImage, umarnin da ya kwafo na wani irin ne daban, ko na shekara takwas baya. Torvalds da kansa a taron Debian na 2014 ya yi ƙorafin cewa haɗa manhaja ɗaya da za ta yi aiki a duk ire-iren Linux azaba ce. In mai abu ya faɗi haka, ban ga dalilin da za a hantari wanda ya shigo jiya ba.

To a daina ba mutane Linux kenan?

A'a. Mutumin da aikinsa burauza ne, YouTube, imel, WhatsApp na kwamfuta, ɗan rubutu, ɗalibin koyon rubuta manhaja, tsohon laftop mai ram giga 4 da ke nishi da Windows, waɗannan Linux Mint ko makamancinsa zai yi musu daɗi sosai, har da tsarin kibod na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ a ciki ba sai an nemo ba. Kuma Android da na'urar gem ta Steam Deck da ta fito a 2022 sun nuna mutane ba sa gudun Linux in dai wani ya zauna ya daidaita shi da na'urar kafin ta iso hannunsu. Yawancinsu ba su ma san shi ne a ciki ba.

Abin da nake nema a wajen 'yan uwana masu filashi a aljihu ba shi da yawa. Ka tambayi mutum da me da me yake aiki kafin ka taɓa komai, in ya ambaci Corel ko AutoCAD ka mayar da filashinka aljihu. Ka tayar da Linux ɗin daga filashi ba tare da ka sa ba, ai yana yi, ku gwada waifai da sauti da kyamara da firintarsa, ku buɗe ainihin fayilolinsa ba wani sabon shafi fari ba. Ka kwashe masa kayansa a wani wuri. In da hali ka bar masa Windows ɗin a gefe, ko da kai kana ganin cin amana ne. Kar ka yi masa wannan aikin ana saura kwana uku jarrabawa. Sannan ka gaya masa da bakinka cewa wata guda mai zuwa in wani abu ya ƙi ya kira ka, kuma in ya kira ka ɗaga.

Masu shagon gyara kuma ban ga laifinsu ba da suke cewa sai fomatin, abin da ke kawo kuɗi suke koya. Masu shirya tarukan fasaha a Kano da Kaduna da Zariya da Yamai, da ake tara ɗalibai ana raba sitika, da za su ware rana ɗaya su gayyato yaran shagunan nan a nuna musu yadda ake tayar da waifai, da sa firinta, da gyara allon zaɓar Linux ko Windows lokacin kunna kwamfuta in Windows ya haɗiye shi bayan afdet, da ya fi wata lacca a kan 'yancin manhaja amfani. Yaran nan kwanyarsu na ja, wanda ya iya canja sikirin ɗin waya da cire ayisi ba sudo ne zai gagare shi ba. In suka ga tsofaffin laftop ɗin da Windows 11 ya ƙi suna shigowa, kuma akwai kuɗin aiki a kan kowanne, da kansu za su nemi filashin.